Gadon da Ake Ɗauka Tun Daga Ciki: Dalma, Hayaƙi da Halayyar Yara Masu Fuka a Yammacin Zamfara

Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, waɗanda suka shiga ƙauyukan Anka da Bukkuyum domin sa ido kan cutar sanƙarau, suka lura da cewa ƙananan yara suna mutuwa fiye da ƙima. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, ya shiga jijjiga, ya suma, daga nan sai rai ya yi halinsa. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi aiki ba, haka ma na sanƙarau. Da aka gwada jinin yaran, sai aka gano gubar dalma ce, wadda ta fito daga duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gidaje. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 suka rasu. Tun daga lokacin, duk maganar da ake yi a kan wannan annoba ba ta wuce adadin waɗanda suka mutu da waɗanda aka ceto ba.

Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa lissafin bai cika ba. Akwai rukuni na uku da ba a ƙidaya ba, wato yaran da gubar ta riska tun suna cikin mahaifa, da kuma waɗanda ake ɗauke da cikinsu yanzu a jikin 'yan matan da suka tsira a wancan lokaci. A cikin waɗannan yara, mafi shiga tsaka mai wuya su ne masu ciwon fuka, wanda aka fi sani da asma, domin su ne ke fama da ƙuncin numfashi da ƙuncin zuciya a tare, alhali asibiti yana duba ƙirjinsu kaɗai, gida da makaranta kuma suna hukunta halayyarsu kaɗai.

Abin da Aka Yi da Abin da Ya Rage

Ya dace a fara da yabon aikin da aka yi, domin ba ƙarami ba ne. Binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta gudanar tare da hukumomin lafiya na Nijeriya a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Daga cikin waɗanda aka gwada jininsu, kashi 97 cikin 100 suna ɗauke da dalmar da ta kai maikurogiram 45 a kowace desilita ta jini ko ta zarce haka, wanda shi ne matakin da ake fara ba da maganin fitar da guba. A wasu gidaje, dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga wurin wasan yara bai wuce 400 ba.

Aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa a Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza, ƙarƙashin jagorancin kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har shekarar 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin gyaranta, bayan matsin lamba daga ƙungiyoyin farar hula na cikin gida da na waje. MSF ta duba dubban yara, ta yi wa dubbai magani, ta kuma miƙa aikin ga hukumomin jihar a shekarar 2022.

Sai dai shirin jinyar an gina shi ne a kan yara 'yan ƙasa da shekara 5, domin su ne ke mutuwa. Wannan zaɓi ne mai hujja a lokacin da ake tsaka da annoba. Amma matan da suka daka duwatsun a turmi, suka share ƙurar, suka yi girki a cikinta, su ma sun sha rabonsu, kuma da yawansu suna da juna biyu. Maganin fitar da dalma ba a cika bai wa mai ciki ba, musamman a farkon watanni, saboda gudun illa ga ɗan tayi. Saboda haka abin da ya shiga jikinsu, ya zauna.

Yadda Dalma ke Ƙetare Zamani

Dalma ba ta daɗewa a cikin jini. Cikin wata guda ko makamancin haka rabinta yakan bar jinin, amma ba duka ke fita daga jiki ba. Jiki yana ɗaukar ta tamkar sinadarin kalsiyam, ya adana ta a ƙashi da haƙori, inda takan shafe shekaru gommai. A jikin baligi, fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke tare da shi tana cikin ƙashi ne. Idan mace ta sami ciki, jikinta yakan ɗebo kalsiyam daga ƙashinta domin gina ƙashin ɗan tayi, musamman a watannin ƙarshe da lokacin shayarwa. Tare da wannan kalsiyam ɗin dalma ke fitowa. Mabiyiya ba ta tare ta, saboda haka yawan dalmar da ke jinin cibiyar jariri yakan yi kusa da na jinin uwarsa.

Ma'anar wannan ga yammacin Zamfara a fili take. Yarinyar da ke da shekara 4 a Abare ko 'Yargalma a 2010, ta kai munzalin aure tuni a al'adar yankin, kuma wataƙila tana goye da ɗa ko tana ɗauke da ciki. Ko da an sauya ƙasar gidan ubanta, ko da an aurar da ita zuwa Gummi inda ba a niƙa dutse a gidan mijinta, ajiyar tana nan a ƙashinta. Yunwa kuma tana ƙara tsananta lamarin, domin jikin da ke ƙarancin kalsiyam da sinadarin ƙarfe ya fi tsotsar dalma daga hanji, ya kuma fi ɗebo ta daga ƙashi.

Illar dalma ga ƙwaƙwalwa ba ta tsaya ga raguwar basira ba. A birnin Sinsinati na Amurka, an yi rajistar mata masu ciki tsakanin 1979 da 1984, aka bi diddigin 'ya'yansu har suka girma. An samu cewa waɗanda dalma ta fi yawa a jininsu tun suna ciki da lokacin ƙuruciya sun fi fuskantar matsalar kame kai, kuma hoton ƙwaƙwalwa ya nuna raguwa a sashen gaba, wanda ke kula da yanke shawara da danne fushi. A Dunedin ta ƙasar Niyu Zilan, yaran da aka haifa a 1972 da 1973 aka gwada jininsu suna da shekara 11, an same su a shekara 38 da ƙarin alamun damuwa da rikicewar tunani gwargwadon yawan dalmar da aka gani a jininsu. Yawan dalmar da aka auna a waɗannan wurare bai kama ƙafar na Anka da Bukkuyum ba. Wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 2001 ya kuma nuna cewa maganin fitar da dalma yana rage ta a jini, amma bai dawo da basirar da ta riga ta raunana ba. Ke nan yaron da aka sallama daga asibiti da rai, ba lallai ne an sallame shi da cikakkiyar lafiya ba.

Hayaƙi, Ƙura da Fargaba

Dalma ba ita kaɗai mai ciki ke haɗuwa da ita ba a wannan yanki, kuma ba a tabbatar da cewa ita ce ke haddasa fuka ba. Abin da ya haɗa su shi ne wuri. Tsakar gidan da ƙurar dutse ta cika, ita ce kuma hayaƙin murhu ke turnuƙewa safe da yamma. Galibin gidajen karkarar Zamfara da itace ko kara ko gawayi suke girki. A kan wannan ake ƙara turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa a ɗaki rufe, da wutar jego da ake hurawa makonni bayan haihuwa, jariri yana kwance a gefe. Inda ake tace zinariya kuma akwai zaiba, wadda ake ƙonawa tururinta ya tashi, kuma shi ma guba ne ga huhu da ƙwaƙwalwa. Idan hunturu ya shigo, hazo ya rufe sauran.

Masana a Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York sun rataya wa mata masu ciki na'urar auna iska, suka bi 'ya'yansu fiye da 250. A sakamakon da suka buga a 2012, yaran da iyayensu suka fi shaƙar sinadaran hayaƙin ƙone-ƙone sun fi nuna alamun fargaba da ɓacin rai da rashin nutsuwa a shekara 6 zuwa 7. Irin waɗannan sinadarai ne kuma bincike ya danganta da shesshekar ƙirji da fuka a ƙuruciya. Wato hayaƙi ɗaya yana iya taɓa huhu da ƙwaƙwalwa a lokacin da dukansu biyu ke tohowa. Hayaƙin da matar New York ke shaƙa a titi kuwa bai kai na matar da ke durƙushe gaban murhu tana hura ɗanyen itace ba.

Abu na uku shi ne tashin hankali. A farkon watan Janairun 2022, 'yan bindiga sun afka wa ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum, suka kashe mutane masu yawa, dubbai suka gudu. Wannan hari ɗaya ne kawai cikin jerin da ya shafe shekaru. Garin Anka ya daɗe yana karɓar 'yan gudun hijira, Gummi kuma ta haɗa wannan nauyi da ambaliyar watan Agustan 2024 da ta rushe gidaje masu ɗimbin yawa. Mace mai cikin da ke kwana a daji ko a ajin makaranta, cikin yunwa da zullumi, jikinta yana fitar da sinadaran firgici fiye da ƙima, kuma wani kaso nasu yana isa ga ɗan tayi. Nazarce-nazarce da yawa sun danganta damuwar uwa lokacin goyon ciki da fuka da kuma matsalolin halayya ga ɗanta. Tarihi ma ya bar darasi: a yunwar da ta afka wa ƙasar Holan a hunturun 1944 zuwa 1945, waɗanda aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar sun ninka sauran wajen kamuwa da babban ciwon taɓin hankali bayan sun girma.

Yaro Mai Fuka Tsakanin Hukunci Biyu

Fuka ita kanta abar tsoro ce. Yaron da ya taɓa farkawa tsakar dare numfashi ya gagare shi, yakan zauna cikin fargabar dawowar abin, fargabar kuma tana iya tayar da ciwon, ciwon ya ƙara fargabar. Likitoci sun daɗe da sanin cewa yara masu fuka sun fi sauran yara fama da damuwa da ɓacin rai, kuma yaron da ke cikin damuwa ya fi wuyar shan magani a kan kari, ya fi yawan komawa asibiti. Rashin barci saboda tari yakan sa shi gyangyaɗi a aji da saurin fushi. Wasu magungunan ma suna da nasu tasirin: maganin buɗe ƙirji na salbutamol yana sa rawar hannu da bugun zuciya, ƙwayoyin prednisolone da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba suna iya jirkita yanayin yaro idan aka yawaita su, maganin montelukast kuwa hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ɗora masa gargaɗi mafi tsanani a 2020 saboda illarsa ga tunani da barci.

Idan aka ɗora wannan a kan ƙwaƙwalwar da dalma ko hayaƙi suka riga suka raunana tun a ciki, an yi kukan targaɗe ne sai ga karaya. Amma yadda al'umma ke kallon yaron daban ne. Ƙirjinsa ana kai shi asibiti ko wurin mai magani. Halinsa kuwa sunaye ake ba shi: mai taurin kai, daƙiƙi, marar ji, ko a ce iska ce ta taɓa shi. A makarantar boko da ta allo bulala ce maganinsa, kuma bulala ga mai fuka da fargaba ƙarin ciwo ce. A asibiti kuma, ma'aikacin da ke da layin marasa lafiya har bakin ƙofa zai ba da maganin tari ya sallame shi, ba tare da ya tambayi ƙauyen da uwar ta girma ba, ko aikin da aka yi a gidansu, ko yadda yaron ke barci da karatu. Tambayoyi uku ne da ba sa cin kwabo, amma ba sa cikin takardar da aka ba shi ya cike.

Uzurorin da Ake Kawowa

Akwai masu cewa a wurin da tamowa da zazzaɓi da ƙyanda da harsashi ke kashe yara, maganar lafiyar ƙwaƙwalwa wani jin daɗi ne da lokacinsa bai yi ba. Wannan uzuri yana da nauyi, amma ya manta cewa matakan da ake buƙata su ne dai waɗanda ke rage mutuwar. Abinci mai gina jiki ga mai ciki, rage hayaƙi a ɗaki, fitar da niƙan dutse daga gida: kowane ɗaya yana kare huhu da ƙwaƙwalwa da rai gaba ɗaya. Ya kuma manta cewa samarin da suka taso da raunin kame kai, ba karatu ba sana'a, a yankin da makami ke yawo, ba ƙaramin al'amari ba ne ga zaman lafiyar gobe. Wannan ba yana nufin dalma ce ta haifi ta'addanci ba, kuma zalunci ne a yi wa yaran waɗannan ƙauyuka tambarin masu laifi. Yawancinsu za su rayu rayuwa mai kyau idan sun sami tallafi. Batun shi ne tallafin bai zo ba.

Wasu kuma suna tsoron kada maganar ta koma ɗora laifi a kan iyaye mata, ko ta hana 'yan matan ƙauyukan samun mazan aure. Wannan tsoro na gaskiya ne, kuma shi ya sa dole a yi gwaji cikin sirri, a kuma yi bayani da hikima. Matar da ta daka dutse ba ta san akwai guba a ciki ba, kuma talauci da tashin farashin zinariya bayan 2008 ne suka shigo da dutsen gidanta. Wadda ke girki da itace ba ta ƙi gas ba ne, ba ta da shi ne. Alhakin yana wuyan masu iko da masu cin ribar zinariyar.

Akwai kuma masu ganin hana haƙar ma'adinai shi ne mafita. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar a Zamfara a watan Afrilun 2019 saboda dalilan tsaro, ta ɗage haramcin a watan Disambar 2024. Abin da masu aikin lafiya suka daɗe suna faɗa shi ne haramci yakan mayar da niƙan dutse cikin gidaje a ɓoye, kusa da mata da yara. Hanyar da ta nuna amfani ita ce gyara yadda ake aikin. Gwajin da aka yi a wuraren haƙa da niƙa na arewacin Nijeriya ya nuna cewa fesa ruwa a kan injin niƙa yana rage dalmar da ke tashi a iska da kusan kashi 95 cikin 100.

Abin da Ya Kamata a Yi

Mataki na farko shi ne awon ciki a manyan asibitocin Anka da Bukkuyum da Gummi da ƙananan cibiyoyin da ke ƙarƙashinsu ya haɗa da tambaya a kan garin da mace ta girma da aikin dutse, a kuma gwada jinin duk wadda ta fito daga ƙauyukan da abin ya shafa. Na'urar gwajin ƙarama ce, kuma ma'aikatan yankin sun yi aiki da ita shekaru. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta ba da shawarar ƙarin kalsiyam ga mai cikin da dalmar jininta ta kai maikurogiram 5 idan abincinta bai wadatar ba, kuma gwaje-gwajen da aka yi a birnin Meziko sun nuna cewa hakan yana rage dalmar da ke fitowa daga ƙashi. Magani ne mai araha. Ungozomomi su ma a sanar da su, domin a hannunsu yawancin mata ke haihuwa, kuma su ne za su iya jan hankali a kan kwallin da ake sa wa jarirai, wanda wani nau'insa dutsen dalma ne, da cin ƙasa da wasu masu ciki ke yi, da rufe ɗakin jego da wuta a ciki.

Na biyu, duk yaron da aka gano yana da fuka a tambayi iyayensa game da barcinsa da tsoronsa da karatunsa. Shirin horar da ƙananan ma'aikatan lafiya kan matsalolin ƙwaƙwalwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 an tsara shi ne domin wuraren da babu ƙwararru. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci. Ba daidai ba ne a ce sai uwa ta ɗauki ɗanta daga Bukkuyum zuwa Gusau, ko zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato, a kan hanyar da ba ta da tsaro, kafin wani ya saurare ta.

Na uku ya rataya ne a wuyan jami'o'i. Akwai rajistar dubban yaran da aka gwada jininsu tun 2010, kuma da wuya a sami irinta a duniya. Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna da masanan da za su iya bin diddigin waɗannan matasa da 'ya'yansu, bisa yardarsu, da sharaɗin cewa duk wanda aka gano yana da matsala za a yi masa magani. Masana harshen Hausa ma suna da nasu aikin, domin takardun auna damuwar yara sai an mayar da su cikin kalmomin da uwar ƙauye ke bayyana halin ɗanta da su, in ba haka ba amsar da za a samu ba ta da amfani.

Kammalawa

Annobar 2010 ta ja hankalin duniya ne saboda kaburbura ana iya ƙirga su. Raunin da ke shiga ta cibiya ba ya barin kabari nan take. Yakan bayyana ne bayan shekaru, a ƙirjin yaro da dare, a ajinsa da rana, a kuma sunan da unguwa ta laƙaba masa. An sauya ƙasar gidaje a ƙauyuka takwas, amma ƙashin 'yan matan da suka yi rarrafe a tsohuwar ƙasar ba a sauya shi ba, kuma yanzu ne suke haihuwa. Watanni tara na goyon ciki su ne lokacin da gwajin jini da kalsiyam da tsabtar iska za su fi yin tasiri, kuma idan suka wuce ba sa dawowa. Hukumomin lafiya na Zamfara da masarautun Anka da Bukkuyum da Gummi sun riga sun nuna a baya cewa za su iya haɗa hannu su ceci yara daga mutuwa. Abin da ya rage shi ne su faɗaɗa wannan aiki zuwa ɗakin awon ciki.